Idan Shawara Ta Ƙare Da Asara, Laifin Wa Ne?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau da tambaya na zo. Ta shafi duk wanda yake zama da mutum biyar ko goma a kan wani aiki: kwamitin masallaci, malaman Islamiyya, 'yan adashi, abokan da suka haɗa jari, ko 'ya'yan gida ɗaya da suka buɗe guruf a WhatsApp domin hidimar iyayensu.

Ga tambayar. An zauna an yi shawara. Shugaba yana da nasa ra'ayin, amma da ya ga inda jama'a suka karkata sai ya bi su. Aka je aka aikata, abu ya zo da akasi, aka yi asara. To laifin wa ne? Na shugaban da ya saki abin da ya hango, ko na waɗanda suka matsa? Kuma gobe idan wata magana ta taso, ya sake tara su, ko ya yanke shi kaɗai tunda an gwada an gani?

Na ga ƙungiyoyi da dama sun mutu a daidai wannan gaɓar. Ba a ci kuɗi ba, ba wanda ya ci amanar wani. Shawara ɗaya ce kawai ta zo a karkace. Shugaba ya ce daga yau ba ya ƙara tambayar kowa. Wanda aka ƙi ra'ayinsa ya ce ai dama na faɗa. Sauran suka ja bakinsu suka yi shiru, mitin ya koma na mutum uku, daga baya ukun ma babu.

Kada wani ya ce, Malam, ai mu 'yan kaɗan ne, wannan maganar gwamnoni da sarakuna ce. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mutum uku idan suka fita tafiya su naɗa ɗayansu ya jagorance su. Mutum uku fa, kuma a tafiyar da za ta iya ƙarewa cikin kwana biyu. Idan uku suna bukatar jagora, kwamitin mutum bakwai da ke riƙe da kuɗin al'umma ya fi su bukata. Kuma duk inda aka samu jagora da mabiya, wannan tambayar tana nan tana jiran ranarta.

A wajena, wurin da aka amsa ta a aikace shi ne Uhudu.

A watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka taso da mayaƙa wajen 3,000 domin ɗaukar fansar Badar, suka sauka kusa da dutsen Uhudu, arewa da Madina. Manzon Allah (SAW) ya tara sahabbai ya nemi shawararsu. Shi ra'ayinsa a zauna cikin gari. In abokan gaba sun tsaya a waje, su gaji su koma. In sun shigo, a yaƙe su a lunguna, ana jifansu daga saman gidaje. Ya ma yi mafarki ya ga ya sa hannunsa cikin wani sulke mai ƙarfi, ya fassara sulken da Madina. Wasu dattawan sahabbai suna tare da shi a kan haka. Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, shi ma wannan ra'ayin ya bayar.

Amma wasu da yawa, musamman waɗanda Badar ta wuce su, suka ce a fita a tare su, kada su koma Makka suna cewa tsoro aka ji. Suka yi ta nanatawa har ra'ayinsu ya rinjaya. Ya shiga gida ya sa sulke. Kafin ya fito sai jikinsu ya yi sanyi, suka ce anya ba tilasta shi muka yi ba kuwa? Da ya fito suka ce in ya ga dama a zauna ɗin. Sai ya sanar da su cewa lokacin wannan ya wuce, Annabi in ya ɗaura sulke ba ya kwance shi sai an gwabza.

Aka fita da mutum 1,000. A kan hanya Ibn Ubayyu ya juya da 300, wai an bi maganar yara an ƙi tasa. Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram, mahaifin Jabir (RA), ya bi su yana roƙo, suka ƙi. Banu Salima da Banu Harisa saura ƙiris su ma su juya, Allah Ya tsare su. Aka rage 700.

A filin daga, Manzon Allah (SAW) ya ɗora maharba 50 a kan wani tsauni ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu (RA), ya ba su umarnin da ba ya bukatar fassara: kada su bar wurin, ko sun ga ana cin nasara ko sun ga ana karkashe Musulmi, sai ya aiko musu. Da farko Musulmi suka yi rinjaye, mushirikai suka fara gudu. Mafi yawan maharban suka ce ai yaƙi ya ƙare, me ake jira? Amir ɗinsu ya tunatar da su, suka sauka, ya rage da 'yan kaɗan wajen goma. Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza da Mus'ab ɗan Umairu (RA). Aka raunata fuskar Manzon Allah (SAW), aka karya masa haƙori.

To yanzu ka sa kanka a matsayin shugaban da wannan ya faru da shi. Ka faɗi ra'ayinka an ƙi, ka bi nasu. Ka ba da umarni an saɓa. Ka binne baffanka. Wallahi da yawanmu da mun dawo gida, abu na farko da za mu yi shi ne mu rufe ƙofar shawara mu jefar da makulli.

Sai ga aya ta 159 a Suratu Ali Imrana, a tsakiyar ayoyin da suke magana a kan Uhudu. Ta fara da yabon tausasawarsa gare su, ta nuna cewa kaushin hali da bushewar zuciya su ne suke watsa mutane daga jikin shugaba. Sannan ta umarce shi da yafe musu, da nema musu gafara, da ci gaba da yin shawara da su, kuma in ya ƙudurta ya dogara ga Allah. Ku duba lokacin da aka zaɓa. Da bayan Badar aka saukar da umarnin shawara, da wani ya ce ai don ta haifar da nasara ne. Sai aka saukar da shi bayan asara, kuma da waɗancan mutanen dai aka ce a yi ta.

Na daɗe ina tunani a kan hikimar wannan, ga abin da ya bayyana gare ni.

Na farko, sakamako shi kaɗai ba ya isa ya zama alƙalin shawara. Mu muna da son yin hukunci daga ƙarshe: in an ci riba shawarar ta yi, in an faɗi ba ta yi ba. Amma fa waɗanda suka fita Uhudu sun fara da nasara. Abin da ya juya ranar shi ne barin tsauni. Sau da yawa abin da aka yanke a mitin lafiyarsa ƙalau, wajen aiwatarwa ne aka samu ɓaraka. Kwamiti ya yanke a sa wa masallaci sola maimakon janareta, wanda aka aika ya je ya sayo batir maras kyau don ya yi araha, bayan wata uku ya mutu. Sai 'yan janareta su ce kun gani ko? Alhali ba a gwada sola ba tukuna, batir aka gwada. Kafin ka ɗora wa shawara laifi, ka fara tambaya: shin abin da aka yanke ɗin ma shi aka yi?

Na biyu, shawara ɗaukar ɗaki ce, in ji Hausawa. Jinka ba ta hawa sai kowa ya sa kafaɗa, kuma mutum ba ya sa kafaɗa da gaske a abin da aka ɗora masa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Washegarin Uhudu, Manzon Allah (SAW) ya yi kira a bi bayan Ƙuraishawa, kuma waɗanda suka halarci yaƙin jiya ya nema. Suka fito da raunukansu har Hamra'ul Asad, kimanin mil 8 daga Madina. Mutanen da aka kwana ana zargi ba sa fitowa haka. Ya ba su damar su tashi da kansu tun raunin bai warke ba, maimakon ya bar su suna cin zuciya da da-na-sani.

Na uku, shugaban da ya hukunta mutane saboda ra'ayin da suka bayar ya koya musu shiru ne, kuma shirun nan shi zai fara cinyewa. Shekara 2 bayan Uhudu, a shekara ta 5, rundunonin Ahzab suka nufo Madina. Aka sake zama shawara. Salmanul Farisi (RA) ya kawo dabarar haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba. Ka yi tunani, da a ce tun bayan Uhudu an fahimtar da kowa cewa wanda ya kawo ra'ayi shi zai ɗauki laifi in an faɗi, wa zai yi ƙarfin halin kawo baƙon abu irin wannan? Idan a ƙungiyarka kowa yana cewa "duk yadda shugaba ya gani", kada ka yi murna. Ƙila ba yarda suka yi ba, gajiya suka yi.

Na san wani zai ce, to Malam, in na tabbata ni ne a kan daidai fa? In bar mutane su kai mu rami saboda kawai sun fi yawa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma malamai sun yi saɓani tun da daɗewa: shin dole ne shugaba ya bi sakamakon shawara, ko dai haske ce yake nema sannan ya yanke? Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da nake gani ya fi amfani ga ƙananan ƙungiyoyi irin namu shi ne a rarrabe maganganu, domin ba duka ne jinsi ɗaya ba.

Akwai abin da shari'a ta riga ta yanke. Wannan ba a ɗaga hannu a kansa. Ko mutum tara cikin goma sun ce a ba da kuɗin ƙungiya bashi da ruwa, ba za a bayar ba. Malaman sira sun kawo cewa a Badar, kafin Hubab ɗan Munzir (RA) ya ba da shawarar sauya masauki zuwa kusa da rijiyoyi, sai da ya tambaya ko wahayi ne ko kuwa dabarar yaƙi. Da aka ce dabara ce, sannan ya yi magana. Ya san iyakar inda ra'ayi yake shiga.

Akwai abin da yake na masana. In maganar wayar lantarki ce, maganar mai gyaran wuta ɗaya ta fi ta alhazai biyar nauyi, komai yawan gudummawarsu.

Sannan akwai abin da kowa zai ɗauki nauyinsa da jikinsa ko aljihunsa. A nan ne ya kamata shugaba ya sassauta riƙonsa, ko da yana ganin nasa ya fi. Waɗanda suka ce a fita Uhudu su ne za su riƙe takubba. Haka a Ahzab, da Manzon Allah (SAW) ya yi tunanin ba Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye, ai masu dabinon ya tambaya, Sa'ad ɗan Mu'azu da Sa'ad ɗan Ubada (RA). Suka ce in ba umarnin Allah ba ne, ba su yarda ba. Ya bar maganar.

Kuma kai da kake cewa ka tabbata, ka tuna cewa wanda mafarkinsa wahayi ne ya saurara ya bi. Ni da kai tabbacinmu zato ne mai ƙarfi kawai.

Yanzu bari in juyo kan mabiya, domin ba shugaba kaɗai Uhudu take yi wa wa'azi ba.

Akwai abin da yake ba ni tsoro a wannan ƙissa. Ra'ayin Ibn Ubayyu ya yi daidai da na Manzon Allah (SAW). Waɗanda suka saɓa wa wannan ra'ayi, a cikinsu aka samu shahidai. Shi kuwa mai ra'ayin da ya dace, shi ne ya tafi da kusan sulusin runduna ana gab da haɗuwa da abokan gaba. Bayan an yi asara kuma, Alƙur'ani ya hakaito maganar irinsu, cewa da an bi tasu da ba a kashe kowa ba, ya kuma yi musu raddi. Ka ga ke nan mutum yana iya yin daidai a ra'ayi ya halaka a hali.

A fahimce ni, ban ce duk wanda ya yi fushi ya fita daga guruf munafiki ne ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne wannan ɗabi'a, ta "in ba a bi nawa ba ban da ni", mun san wanda ya fara nuna ta, bai kamata mu so kama da shi ba. Kuma fita ba ta tsayawa a kan mai fita. Ku dubi yadda ƙabilu biyu na muminai suka kusa bi. In mutum ɗaya mai faɗa-a-ji ya janye hannu, gwiwar mutum uku ce take sanyi.

Ku kwatanta da Abdullahi ɗan Mas'ud (RA). Usman (RA) ya cika sallah raka'a huɗu a Mina. Ibn Mas'ud ya nuna rashin amincewarsa a fili, ya ce shi raka'a biyu ya yi tare da Annabi (SAW) da Abubakar da Umar. Sannan ya yi huɗun. Da aka tambaye shi, ya bayyana cewa rarrabuwa ta fi wannan muni. Bai ɓoye ra'ayinsa ba, bai kuma raba sahu ba. Wannan shi ne abin da yake yi mana wuya. Wasunmu suna yin shiru a mitin su je waje su yi ta gunaguni. Wasu suna magana a mitin, in an ƙi su ɗauki takalmansu. Kaɗan ne suke faɗar gaskiyarsu a gaban kowa, in aka yanke saɓaninta su fi kowa zage dantse.

Su kuma maharba, ba ƙeta suka yi ba, tawili suka yi, kuma Allah Ya ambaci cewa Ya yafe musu. Sun ga kamar manufar umarnin ta cika. Irin wannan yana faruwa da mu kullum. An yanke a mitin cewa ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. Sai ma'aji ya ce ai abin gaggawa ne, kuma na san in an tambaya za a yarda. Niyyarsa mai kyau ce. Amma shi yana ganin gefensa ne kawai, bai ga dawakan da suke jira a bayan tsauni ba. In ka ga yanayi ya sauya, ka kira wanda ya ɗora ka. Yau ma ai da sauƙi, waya tana aljihunka.

Sai kuma mitin ɗin bayan mitin. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani ga mutum biyu su keɓe da raɗa su bar na uku, saboda hakan yana ɓata masa rai. Mu yanzu raɗar tamu ta samu sabon gida. Ga babban guruf na mutum goma sha biyu, ga ƙaramin guruf na mutum huɗu inda ake gama komai, sannan a zo babban a yi kamar yanzu za a fara tattaunawa. Sauran suna ganewa, ba yara ba ne. Ranar da suka tabbatar, ranar amana ta tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. In akwai bukatar ƙaramin kwamiti, a naɗa shi a gaban kowa, a faɗi aikinsa da ranar da zai kawo rahoto.

Shin biyayyar ba ta da iyaka? Tana da ita. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani amir ya yi fushi da rundunarsa, ya sa suka hura wuta ya ce su shiga. Suka ƙi. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) ya gaskata ƙin da suka yi, ya bayyana cewa ɗa'a tana cikin abin da yake daidai ne. Don haka in an yanke haram, ko ana cin dukiyar jama'a, ka faɗa, in ba a ji ba ka janye, babu laifi a kanka. Amma ka yi wa kanka adalci: saɓon Allah ne ya kore ka, ko kuwa launin fentin da ka zaɓa ne aka ƙi?

Ga ɗan uwana da aka ɗora wa jagorancin mutum biyar ko goma, ga abin da zan roƙe ka. Ka riƙa jinkirta faɗar ra'ayinka har ƙanana su yi magana, domin a al'adarmu in babba ya riga ya furta, yaro ba zai musa ba. Ka kira mai shiru da sunansa ka tambaye shi. Tun farkon zama ka bayyana ko ra'ayi kake nema ka yanke, ko kuwa rinjaye za a bi, kada mutane su zaci ɗaya su tarar da ɗaya. In an yanke, sakatare ya karanta abin da aka yanke: wa zai yi, yaushe, da nawa. Daga nan a rufe, kada duk wanda ya kira ka da dare ya sauya maka zuciya. In kuma abu ya lalace, ka tara su ka ce mun yanke tare, mu duba inda aka samu matsala tare. Kalmar nan ta "ai na faɗa muku", ka haɗiye ta. Tana da daɗi a baki na minti ɗaya, gyaranta kuwa sai a shekara ba a gama ba.

To laifin wa ne? Wanda ya ba da ra'ayi da ikhlasi ba shi da laifi ko da bai dace ba. Shugaban da ya saurara ya bi a inda ya halatta ya bi, shi ma ba shi da laifi. Wanda ya saɓa wa abin da aka yanke bisa tawili ya yi kuskure, a gyara masa a yafe. Wanda zai ji tsoro a kan kansa shi ne wanda ya janye hannu yana jiran a faɗi don a ce shi ne mai gaskiya.

Allah Ya haɗa zukatanmu, Ya ba shugabanninmu manya da ƙanana tausasawa da haƙuri, Ya sa mu zama masu faɗar gaskiya kuma masu riƙe sahu. Wanda yake cikin wani kwamiti, ya tura wa abokan aikinsa su karanta kafin zama na gaba.

Wallahu a'alam. Wa sallallahu ala Nabiyyina Muhammad wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.